Wankin Mota Sana'a Ce In An Yi Ta Da Lissafi: Jawabi Ga Matasan Madarunfa



Iyayenmu da malamanmu da ke zaune a gaba, Allah ya ƙara girma. Iyayenmu mata, sannunku da fitowa. Ƴan'uwana matasa na cikin garin Madarunfa, da waɗanda suka taso daga Jiratawa, da Safo, da Gabi, da Sarkin Yamma, da Ɗan Isa, ina yi muku barka da zuwa. Na san wasunku sun bar aikin garka ko kabu-kabu don su zauna nan, saboda haka zan yi ƙoƙari kowa ya koma da abin da zai yi amfani da shi.

An ce in yi magana kan sana'ar da matashi zai iya buɗewa da ƙaramin jari, ni kuma na zaɓi wankin mota da moto, abin da muke ce ma lavaj. Na ga wasu sun yi murmushi. Na san abin da ke ransu: mutum ya yi shekara goma sha shida yana zuwa lakol, ya fito da diflom, a ƙarshe a ce ya ɗauki soso da bokiti? Tambayar tana da nauyi, ni ma na fito jami'a kuma na san yadda take ci ma mutum rai. Amma ku ba ni dama mu fara duba inda muke tsaye.

Tun 2010 muna da jami'a a Maraɗi, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo, kuma kowace shekara ɗalibai suna fitowa daga cikinta, ga waɗanda ke dawowa daga Yamai da Damagaram da Tawa. Wannan alheri ne. Sai dai guraben aikin gwamnati ba su ƙaruwa yadda masu diflom ke ƙaruwa. Mai takarda yana jiran konkur, ko ya samu koyarwa ta kwantaragi, ko ya zauna fada yana shan shayi. Wanda bai yi karatu ba ya kama hanyar haƙar zinariya a Jado tun da aka gano ta a 2014, ko ya wuce Libiya da Aljeriya. Ba mu manta da Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara. Neman abinci ne ya fitar da su.

Mu da ke bakin iyaka muna da wata hanyar da muka daɗe muna dogaro da ita, wato ruwa-ruwa da sauran safarar kan iyaka. Ku duba abin da ya same ta cikin ƴan shekaru. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. Ranar 29 ga Mayun 2023 shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, esans ya yi tsada a can, ribar mai kwalba a bakin hanya ta ragu ƙwarai. Bayan 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. Sau uku cikin shekara biyar, wani ya sa hannu a takarda a Abuja ko wani babban birni, matashin Ɗan Isa ya kwana da yunwa. Abin da nake so mu koya daga nan shi ne, a nemi sana'ar da tushenta yake hannunmu. Ƙurar hunturu da lakar damina suna zuwa kowace shekara, ko iyaka na buɗe ko tana rufe, kuma duk mai abin hawa dole ya wanke shi.

To amma kada kowa ya fita daga nan ya je ya ci bashin inji. Farkon aikin shi ne ƙirga. Madarunfa ba ta kai Maraɗi yawan motocin gida ba, wannan kowa ya sani. Masu kawo maka wanki a nan su ne ƴan kabu-kabu, masu adaidaita, direbobin da ke jigila tsakaninmu da Maraɗi, motocin ma'aikatu da na asibiti da na ƙungiyoyin agaji, sai manyan motocin da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa da Jibiya. Kafin ka kashe ko dala, ka sayi kaye, ka zauna a wurin da kake son buɗewa har kwana bakwai, da ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa. Ka rubuta moto nawa suka wuce, mota nawa, nawa ne suke tsayawa kusa. Ka tambayi direbobi inda suke wanki yanzu, nawa suke biya, mene ne yake ɓata musu rai a can. In kayenka ya nuna maka wurin bai da mutane, ka canza wuri. Wanda ke Ɗan Isa ko Jiratawa yana iya samun abin da na cikin gari bai samu ba. A nan ne karatun da muke ganin kamar ya tafi banza zai fara yi maka aiki.

Abu na biyu, wanki iri biyu ne. Akwai watsa ruwa da goge ƙura, wanda kowane yaro zai iya, shi ya sa kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma wankin ciki da waje, inda ake ƙalƙale mota tun daga rufi har ƙarƙashin kujera, a fitar da tabo, a kashe wari, a dawo ma fenti da fitila haskensu. A Turai da Amurka wannan sana'a ce mai zaman kanta da ake koyo, kuma a Kano da Yamai ma akwai masu yin ta. Mai mota yana biyan kuɗi mai kauri a kanta don yana ganin bambanci da idonsa, musamman wanda zai sayar da mota ko zai ɗauki amarya. Bari in ba ku kaɗan daga cikin ƙa'idojinta.

Ƙurar da ke kan mota yashi ce mai laushi. In ka sa tsumma ka goge ta a bushe, kamar ka sa ma fenti samfefa ne. Don haka ana fara kwarara ruwa a sauke ƙurar kafin hannu ya taɓa jikin mota. Ana wanki daga sama zuwa ƙasa, domin ƙasan ya fi datti. Ana amfani da bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraye soso, saboda yashin da soso ya kwaso kada ya koma jikin mota. Sosan taya daban, na jiki daban. Ana yi a inuwa, domin a ranarmu ta bazara sabulu yana bushewa kan ƙarfe mai zafi ya bar zane. Omo da sabulun wanke-wanke an yi su ne don su cinye maiƙo, shi ya sa suke cinye kakin da ke kare fenti, a hankali mota ta koɗe. Akwai sabulun mota na musamman, kuma kaɗan ake zubawa. Tsumman da ya fi dacewa shi ne mai laushin nan da ake ce ma mikrofiba, ana samunsa a shagunan kayan mota.

Wajen inji ne aka fi yin ɓarna. Motocin yanzu suna da ƙwaƙwalwa da wayoyi da yawa. Ba a wanke inji yana da zafi, ba a harba ruwa mai ƙarfi kan altanato, ko akwatin fis, ko bakin da inji ke shaƙar iska. A rufe su da leda tukuna, a yi aiki da buroshi da ɗan ruwa. Moto ma haka: ka harba ruwa cikin boris ko kabireto ko kan fulogi, mai kabu-kabu ya yi ta buga kik ba ta tashi, ya yi asarar wuninsa, kai kuma ka yi asararsa har abada. In ka wanke sarƙa, ka sa mata mai kafin ya tafi. Masu shafa ma taya man birki ko baƙin mai don ta yi ƙyalli su bari: man birki yana cin fenti in ya ɗiga, baƙin mai yana lalata roba.

A cikin mota kuwa, ana fitar da shimfiɗun ƙafa, a zuƙe yashi da injin shara, a wanke kujera da ɗan ruwa, a bar ƙofofi buɗe har ta bushe sarai. Kujerar da aka jiƙa aka rufe, bayan kwana biyu warinta sai ya kori fasinja. Fitilar da ta yi jawur ana goge ta da samfefa mai laushi da ruwa, daga lamba 1000 zuwa 2000 zuwa 3000, sannan a sa man gogewa da abin da zai kare ta daga rana. Direban da ke tafiyar dare a hanyoyinmu ya san darajar fitila mai haske. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, saboda haka ina ba da shawara duk wanda zai shiga ya je Maraɗi ya yi wata ɗaya ko biyu ƙarƙashin wanda ya iya, ko da ba a biya shi ba, ya kuma ƙara da bidiyoyin da ke intanet.

Yanzu mu zo kan lissafi. Alƙaluman da zan faɗa misali ne kawai, kowa ya sa farashin unguwarsu a madadinsu. Mu ce ku biyu ne. Kuna wanke moto 10 a wuni, kowace dala sittin, wato sefa 300, ya zama jika uku. Kuna wanke mota 2, kowace jika ɗaya da rabi, ya zama jika uku. Cinikin wuni jika shida ke nan. Mu cire ruwa dala ɗari, sabulu dala ɗari, kuɗin wuri dala ɗari, esans na inji jika ɗaya. Saura jika uku da rabi. Mu ajiye dala ɗari don ranar da inji zai lalace, domin zai lalace. Saura jika uku, kowa jika ɗaya da rabi. In kun yi kwana 26 a wata, kowa ya tashi da jika 39. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta tsayar a Nijar jika 42 ne. Kun gani, watsa ruwa kaɗai bai kai ku ko can ba.

To mu ƙara mota ɗaya tak a kowane mako da za a yi ma wankin ciki da waje a kan jika goma, kayan aikinta su ci jika biyu. Jika takwas sau huɗu, jika 32 a wata, kowa ya ƙaru da jika 16. Daga 39 kun koma 55. Mota huɗu kawai a wata suka kawo wannan bambanci. Shi ya sa na ce ribar tana cikin iyawa. Kuma a lokacin da abin hawa ya yi ƙaranci, injin da hannun da suka iya wanke kujerar mota za su iya wanke kafet, da dardumar masallaci, da kujerun falo, da allunan sola da ƙura ke rage ma ƙarfi. Gab da Sallah da lokacin bukukuwa aiki yana yawa, a nan ake tara abin da za a ci a watannin da kasuwa ta kwanta.

Ina jarin zai fito? Ba sai mun je nesa ba. A 1991, a nan jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara: mata su haɗu, kowace ta zuba ɗan abin da take iyawa kowane mako cikin akwati, su ranta ma junansu, a ƙarshen zagaye su raba. Wannan tsari daga ƙauyukanmu ya tashi, yau ana yin sa a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Iyayenmu mata da ke zaune nan su ne malamansa. Abin kunya ne a ce duniya ta zo ta koya daga gare su, mu ɗiyansu muna zaune muna jiran wani furoje ya kawo mana jari. Matasa biyar da ke zuba dala ɗari kowane mako, cikin wata shida sun haura jika sittin. Wannan ya isa bokitai, da soso, da sabulu, da bidon, da rumfa. Injin harba ruwa ya biyo baya, in ciniki ya nuna zai iya biyan kuɗinsa. Kuma wajen zaɓen inji ku tuna da Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. Wanda aikinsa duka ya rataya ga kuran NIGELEC ya zauna. A samu mai aiki da esans, ko a shirya yadda za a ci gaba da bokiti ranar da babu wuta.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma shi ya sa na ce wannan magana ta shafi kowa, har wanda bai da ko keke. Ruwan wankin mota ba ya ɓacewa. Yana ɗauke da baƙin mai, da gazuwal, da sabulu, da ƙurar birki, kuma dole ya gangara wani wuri. A Madarunfa gangaren ya san inda yake zuwa: tafki, da gulbi, da rijiyoyin fadama. Tafkin Madarunfa shi ne sunanmu a duniya. Masunta suna cin abinci da shi, makiyaya suna shayar da dabbobi, masu garka suna ban ruwa, tsuntsaye suna sauka daga nesa, baƙi suna zuwa ziyarar kaburburan waliyyai 99 da ake faɗa suna kewaye da shi. A 2019 aka sa shi cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971. Dama ruwan Gulbin Maraɗi ya ragu tun da aka gina madatsar Jibiya a farkon shekarun 1990. Wanda ya rage mana bai kamata mu zuba masa mai da hannunmu ba. Mai yana shimfiɗuwa a saman ruwa ya hana iska shiga, kifi ya wahala. A fadama kuma ruwan ƙasa yana kusa, abin da ka zubar yau yana iya fitowa a rijiyar maƙwabcinka. Duk wanda ya tura moto cikin tafki yana wankewa, ya sani daga tarun masunci yake ɗiba.

Maganin bai da tsada, kuma kowane magini zai iya yi. A yi daɓen siminti mai ɗan gangare inda ake wanki, ruwan ya bi kwata ya faɗa rami mai ɗaki uku. A ɗaki na farko yashi da laka suke kwantawa. Daga nan ruwa ya wuce na biyu, inda mai yake tasowa sama tun da ya fi ruwa rashin nauyi. Bututun da ke fita daga ɗaki na biyu a lanƙwasa bakinsa ya nutse ƙasa, don ya ɗebi ruwan ƙarƙashi ya bar man a sama. A ɗaki na uku a sa tsakuwa da yashi da gawayi su tace. Ruwan da ya fito ba na sha ba ne, amma ana iya wanke taya da ƙarƙashin mota da shi. Man da ya taru a kwashe cikin bidon a kai inda masu bidanj ke tara nasu. A riƙa yashe ramin a kai a kai, a kuma rufe shi saboda yara da sauro. Wurin wankin kansa ya yi nisa da bakin tafki da rijiyar sha.

Tattalin ruwa kuma riba ce kai tsaye. Ku gwada da kanku: ku sa tiyo cikin bidon mai lita 25 ku duba agogo. In ya cika a minti biyu, to tiyon da aka bari yana zuba minti ashirin ya ci bidon goma, lita 250, a kan mota ɗaya. Mai bokiti biyu da ya san aikinsa zai gama da bidon biyu ko uku. Ko daga famfon NDE kake ɗiba, ko daga foraj, ko ƴan garuwa ke kawo maka, kuɗi ne. Kuma a unguwar da mata ke layi a famfo tun asuba, mai lavaj da ke malalar da ruwa a titi ba zai daɗe yana zaman lafiya da maƙwabta ba. Dokar ruwa ta ƙasa, ta 2010, ta ɗauki ruwa a matsayin dukiyar kowa, ta kuma ɗora ma mai gurɓata shi nauyin gyara. Ko babu doka, tarbiyyarmu ta isa ta hana mu.

Sai maganar takardu. Na san da yawanmu in aka ce meri ko ampo sai gabanmu ya faɗi. Amma ku duba: direban ƙungiyar agaji ko na ma'aikata ba zai iya kawo maka mota kowane mako ba sai kana ba shi faktir da zai kai ofis, faktir kuma tana son lambar NIF. Wanda bai da takarda ya bar ma wani wannan kasuwa, alhali ita ce mai biya a kan kari. Ka je meri ka nemi izinin wuri a rubuce, in filin wani ne ku yi yarjejeniya a takarda gaban shaidu, don kada ka gama daɓe da rami a ce ka tashi. Maison de l'Entreprise da ke ƙarƙashin ɗakin kasuwanci an kafa ta ne don sauƙaƙa rajistar kamfani, kuma dokar OHADA tun 2010 ta tanadi matsayi mai sauƙi don ƙaramin mai sana'a. Duk kuɗin da ka biya ka karɓi rasit. Wanda ya ce ka ba shi wani abu ba rasit, ka tambaye shi da ladabi wace doka ce ta ce haka. Ɗan ƙasa mai biyan haraji bakinsa yana da nauyi ranar da zai tambayi meri ina kwata, ina fitilar titi.

Akwai kuma mutanen da za su yi maka aiki. Mun saba ganin yaro ɗan shekara tara ko goma, sau da yawa almajiri, yana wuni cikin ruwan sabulu da gazuwal ba takalmi, da yamma a ba shi dala ashirin. Dokar aiki ta 2012 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba. Mu da muke kukan an danne mu, bai dace mu buɗe sana'a mu danne na ƙasa da mu ba. Ka ɗauki wanda ya isa, ku yanke rabonsa tun farko, ko kaso a kan kowace mota ko albashi, ka saya masa takalmin roba da safar hannu, ka koya masa aikin duka har ya iya tsayawa da ƙafarsa. Ƴan'uwanmu mata ma suna da wuri a nan: riƙe kaye da kuɗi, wankin kafet da kujeru, sayar da sabulu da turaren mota, ko su mallaki wurin su ɗauki ma'aikata. Da yawansu sun fi mu iya ajiya.

Jarin da ya fi inji tsada shi ne amana. Mutum ya ba ka makullin abin da ya yi shekaru yana tara kuɗinsa. Kafin ka taɓa mota, ku zagaya ta tare da mai ita, ka nuna masa duk ƙarzuwar da ke jiki, in da hali ka ɗauki hoto da salula. Abin da ka tsinta a ciki, kuɗi ne ko takarda ko waya, ka sa a leda ka miƙa masa. Wanda bai da farmi kada ya tuƙa motar mutane, ko da daga nan zuwa can ne. Ka rubuta farashi a allo kowa ya gani, kada ka duba rigar mutum kafin ka yanka masa kuɗi. In ka ce ƙarfe huɗu, ta zama ƙarfe huɗu. Garinmu ƙarami ne, labarin kirki da na tsiya duk kafin magariba sun kai tasha.

Ba zan sauka ba sai na juya ga hukumomi, don nauyin ba na matasa kaɗai ba ne. Muna roƙon meri ta ware fili don masu wankin abin hawa, nesa da tafki, kusa da hanya, ta sa sharaɗin rami mai ɗaki uku ga duk wanda zai buɗe, ta kuma liƙa kuɗin izini a bango kowa ya san abin da zai biya. Muna roƙon ma'aikatar muhalli da gandun daji ta fara da koyarwa kafin tara. Muna roƙon FAFPA da ANPE da cibiyoyin koyon sana'a su sa wannan aiki cikin abin da suke horarwa, kamar yadda suke yi ma ɗinki da walda. Muna roƙon ma'aikatu da ƙungiyoyin da motocinsu ke yawo a ƙauyukanmu su riƙa wanki a nan, kuɗin ya zauna a nan. Ana gina layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Duk ranar da ya kammala, zirga-zirga za ta ƙaru a yankin nan. Gara ta tarar da mu da sana'a a hannu.

Ga mai diflom da har yanzu yake jin nauyi, ga abin da zan ce masa. Wanda ya iya ƙirga kasuwa, ya iya riƙe kaye, ya iya rubuta faktir, ya gane dalilin da mai ke tasowa saman ruwa, ya iya karanta doka ya kare kansa, to da karatunsa yake aiki ko da soso ne a hannunsa. Konkur in ta zo ka je ka yi, babu wanda ya hana. Amma ta tarar da kai kana ciyar da kanka. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abin da nake nema daga gare ku yau kaɗan ne. Duk waɗanda abin ya shiga ransu su tsaya bayan an tashi, su haɗu biyar-biyar, kowane rukuni ya zaɓi wuri ɗaya, ya yi ƙirgar kwana bakwai. Mako mai zuwa mu dawo da kayenmu mu duba tare, mu ga inda ya cancanci a fara da inda bai cancanta ba. Maginan da ke cikinmu su taimaka mana da kiyasin kuɗin ramin. Iyayenmu mata na Mata Masu Dubara, muna roƙon ku ba mu mutum biyu su koya mana yadda ake riƙe akwati.

 Allah ya sa albarka cikin neman kowa, ya tsare mana tafkinmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya maida kowa gidansa lafiya.